Linus Pauling: Masanin Da Ya Gano Inda Ciwon Sikila Yake Ɓoye A Cikin Jini

Da wuya ka shiga wata kasuwa a wannan yanki namu, tun daga Ƙonni da Malbaza har zuwa Illela da Alela, ka rasa uwar da ke da yaro mai ciwon sikila, wanda wasu ke kira amosanin jini, a nan Nijar kuma aka fi saninsa da emasi. Da zarar hunturu ya kama sai ka tarar da rumfarta a rufe kwana uku ko huɗu, idan ka tambaya a ce maka tana gidan likita da yaro, ciwon ƙashi ya tashi. Kafin a sallamo su rabin jarin ya tafi a kuɗin magani da ƙarin jini. Har yanzu kuma akwai gidajen da ake ɗora laifin a kan sammu ko iska, ko a ce matar ce mai wabi. Wannan ne ya sa a filinmu na tarihin mashahuran mutane na yau muka ɗauko wani Ba'amurke mai suna Linus Pauling, wanda ba likita ba ne, masanin harhaɗa sinadarai ne, amma shi ne ya fara nuna wa duniya ainihin wurin da wannan ciwo yake zaune a jikin ɗan Adam.

An haifi Pauling ran 28 ga Fabrairun 1901 a birnin Portland da ke jihar Oregon ta Amurka. Mahaifinsa mai shagon sayar da magani ne, ya kuma rasu a 1910 lokacin yaron yana da shekara 9, ya bar uwar da 'ya'ya uku. Uwar ta mai da gidansu masaukin 'yan haya, da abin da take samu a nan take ciyar da su, ga shi ita kanta ba isasshiyar lafiya gare ta ba, domin ta daɗe tana fama da wani irin ciwon ƙarancin jini har ya zama ajalinta a 1926. Yana ɗan shekara 13 wani abokinsa ya nuna masa yadda ake haɗa sukari da wasu sinadarai wuta ta tashi, tun daga ranar hankalinsa ya koma can. Ya gyara wani lungu a ƙarƙashin gidansu ya mai da shi ɗakin gwaji, yana kwaso ragowar sinadarai daga wata tsohuwar masana'antar narka ƙarfe da aka rufe, inda kakansa ke aikin gadi.

Uwar dai ba ta so ya zarce da karatu ba, ta fi son ya kama aiki ya riƙa kawo abin cefane, kuma duk wadda ta taɓa riƙe marayu ita kaɗai ba za ta ga laifinta ba. Shi kuwa ya ƙi. A 1917 ya shiga kwalejin aikin gona ta Oregon ba tare da ko takardar gama sakandare ba, saboda akwai darussan tarihi biyu da bai kammala ba, sai a 1962 makarantar ta ba shi takardar don girmamawa. Da faskaren itace da goge-goge a ɗakin girki da aikin hanya a lokacin hutu ya riƙa biya wa kansa, yana kuma aika wa uwar wani abu. Tun kafin ya gama aka ba shi aji yana koyarwa, a nan ne ya haɗu da wata ɗaliba mai suna Ava Helen Miller, suka yi aure a 1923, suka haifi 'ya'ya 4. Ya samu digirinsa na dakta a 1925 a babbar makarantar kimiyya ta Kalifoniya da ake kira Caltech, ya je Turai ya ƙaro ilimi a Jamus da Denmak da Suwizalan, ya dawo ya duƙufa a kan binciken abin da ke ɗaure ƙananan ƙwayoyin zarra da junansu. Littafin da ya wallafa a kan haka a 1939 shi ya fito da sunansa, kuma wannan aiki ne ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1954.

Amma mu abin da ya fi shafarmu shi ne aikinsa a kan jini, kuma kafin mu shiga cikinsa sai mai karatu ya yi haƙuri mu ɗan yi bayani. Abin da ke sa jini ya yi ja wani sinadari ne mai suna himoglobin, wanda ke cike da jajayen ƙwayoyin jini, aikinsa kuwa dako ne: ya ɗauko iskar da muke shaƙa daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Himoglobin yana cikin dangin abubuwan da ake kira furotin, kuma duk furotin an shirya shi ne kamar jigida, wato ƙananan duwatsu ne aka jera a zare ɗaya bayan ɗaya. Duwatsun iri 20 ne kacal, masana na kiransu amino asid, yadda aka jera su kuma shi ke bambanta wannan furotin da wancan. A himoglobin ɗin babban mutum zare huɗu ne a dunƙule wuri ɗaya, biyu ana kiransu alfa, kowanne da duwatsu 141, biyu kuma ana kiransu beta, kowanne da duwatsu 146. Tsarin jerin kuwa gadonsa ake yi, yana rubuce a cikin abin da ake kira DNA, ko ADN a bakin masu Faransanci, kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

Tun a 1910 wani likita a birnin Cikago mai suna James Herrick ya ba da labarin wani ɗalibi baƙar fata da ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje, daga nan ma sunan ciwon ya samo asali a Turance. Sai dai an shafe shekara 35 babu wanda ya san dalilin lanƙwashewar. A 1945 Pauling yana cikin wani kwamiti tare da wani likitan jami'ar Harvard mai suna William Castle, sai likitan ya faɗa masa cewa ƙwayoyin ba sa lanƙwashewa sai iskar da suka ɗauko ta fita daga cikinsu, da an mayar masu da ita sai su miƙe. Pauling, wanda ya riga ya yi shekaru yana nazarin himoglobin, nan take ya raya a ransa cewa tunda himoglobin ne ke kama iskar yana sakinta, to lallai a jikinsa aibin yake. Ya ɗora aikin a kan wani matashin likita mai suna Harvey Itano. Shi wannan Itano ɗan asalin Japan ne haifaffen Amurka, shi ne ya fi kowa maki a jami'arsu a 1942, amma ranar bikin yaye ɗalibai yana tsare a sansanin da gwamnati ta tara 'yan asalin Japan saboda yaƙin duniya na biyu. Pauling kansa ya ɗanɗana wannan ƙiyayya, domin a 1945 wasu sun zo da dare sun shafe masa bangon gida da rubutun zagi don kawai ya ɗauki wani ɗan asalin Japan aikin lambu.

Itano ya yi shekaru yana gwaji babu nasara, har sai da suka koma ga wata na'ura da ke sa wa ruwan jini wutar lantarki, a ga yadda himoglobin ɗin zai yi tafiya a cikinta. A nan asiri ya tonu. Na mai lafiya tafiyarsa daban, na mai sikila tafiyarsa daban, su kuma iyayen masu ciwon, waɗanda lafiyarsu lau, sai aka tarar da iri biyun duka a jininsu. A watan Nuwamban 1949 Pauling da Itano da abokan aikinsu biyu, Singer da Wells, suka buga sakamakon a mujallar Science. Wannan ne karo na farko a tarihi da aka nuna cewa wani ciwo na ɗan Adam ya samo asali daga aibi a jikin furotin guda ɗaya. Kuma gwajin nan da ake yi a asibitocinmu a ce da mutum shi AA ne ko AS ko SS, wanda ma'aikatan lafiya a Nijar ke kira elektiroforez, jikan waccan na'ura ce.

Pauling ya nuna akwai bambanci, amma bai iya faɗin a kan wane dutse yake ba. Wanda ya ƙarasa wannan shi ne Vernon Ingram a jami'ar Kambirij ta Ingila, a 1956 da 1957. Ya daddatsa himoglobin ɗin ƙanana-ƙanana ya kwatanta su gutsure da gutsure, sai ya ga ko'ina iri ɗaya ne in ban da wuri ɗaya tak. A zaren beta, dutse na 6 cikin 146, inda mai lafiya yake da wani mai suna gulutamik, mai sikila yana da wani mai suna balin. Shi ke nan. A rubutun DNA kuwa harafi ɗaya ne ya sauya, inda ya kamata a karanta GAG sai aka samu GTG. Shi gulutamik yana shiri da ruwa, shi kuwa balin gudun ruwa yake yi kamar man gyaɗa, saboda haka da zarar himoglobin ya sauke iskarsa sai wurin ya zama kamar an ɗiga masa ƙaro, wannan ya manne da wancan, su yi dogayen sanduna su tanƙware ƙwayar jinin. Ƙwayar da ta tanƙware sai ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini, wannan shi ne ciwon ƙashin da ke hana yaro barci. Kuma maimakon ta yi kwana 120 kamar ta mai lafiya, cikin kwana 10 zuwa 20 ta mutu, dalilin ƙarancin jinin da rawayar idon ke nan. Akwai wani irin kuma da ake kira C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, shi ma a kan wannan dutse na 6 sauyin ya faɗa, sai dai wani dutsen daban ne ya shiga wurin.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa abin ya fi yawa a ƙasashenmu? Amsar tana wurin sauro. A 1954 wani masani mai suna Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. An sake ganin haka a nan ƙasar Hausa, a binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi daga 1969 zuwa 1976 a gundumar Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. Farfesa Alan Fleming na jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokan aikinsa sun tarar cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙauyukan AS ne, kuma cikin jarirai 100 kimanin 2 SS ne, amma idan aka duba manyan yara da wuya a sami ko ɗaya, domin yawancinsu sun rasu tun suna ƙanana. Mu dai muna ganin da yawa daga cikin waɗanda kakanninmu suka kira 'yan wabi suna cikin wannan lissafi. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a Nijeriya kaɗai ana haihuwar yara 150,000 da ciwon a kowace shekara.

Wannan magana ta dutse ɗaya ta buɗe wa Pauling wata ƙofar. A 1959 wani masani haifaffen Ostiriya da ya yi karatu a Faransa, mai suna Emile Zuckerkandl, ya zo aiki wurinsa, suka shiga jera himoglobin na mutum kusa da na dabbobi suna ƙirga wuraren da suka saɓa. Abin da lissafin ya nuna shi ne, tsakanin mutum da doki akwai bambanci 18 a zaren alfa, tsakanin mutum da kifi ya ninka haka fiye da sau uku, tsakanin mutum da gwaggon birin nan da ake kira gorila kuwa, a zaren beta, bambanci 1 ne kacal. A rubuce-rubucensu na 1962 da 1965 suka ce waɗannan sauye-sauye taruwa suke yi sannu a hankali, kusan a kan ƙa'ida, saboda haka ana iya amfani da yawansu kamar agogo a auna tsawon lokacin da dangi biyu suka rabu. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne harshe. Mutumin Ƙonni ya ce biyat, Bakano ya ce biyar, wannan ya ce hwari, wancan ya ce fari, duk wanda ya ji su ya san tushensu ɗaya, kuma ya san mutumin Ƙonni ya fi kusa da Basakkwace a kan Bakano. Mun san cewa idan aka kai maganar kan asalin halittu akwai ja-in-ja mai tsawo tsakanin malamai da 'yan boko, kuma ba wannan fili ne zai raba gardamar ba. Amma ita ƙidayar kanta tana aiki a yau. Da ita aka bi sawun ƙwayar cutar shan inna bayan dakatar da rigakafi a Kano a 2003, aka gane cewa wadda ta ɓulla a Indonesiya a 2005 zuriyar ta arewacin Nijeriya ce. Da ita kuma aka riƙa bambance ire-iren korona daga 2020.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a cikin wannan lissafi shi ne, doki da bambancinsa 18 jininsa na aiki garau yana sukuwa, ɗan mutum kuwa bambanci 1 ya kwantar da shi. Ashe yawancin sauye-sauyen suna faɗawa ne a wuraren da ba su hana furotin aikinsa, kamar a sauya wa kwando launin baki. Na sikila ne ya faɗa a mummunan wuri.

A daidai waɗannan shekaru rabin lokacinsa a kan wani yaƙin yake ƙarewa. Tun bayan da aka jefa bama-baman nukiliya a Japan a 1945, matarsa Ava Helen ta matsa masa ya riƙa fitowa yana faɗakar da jama'a, ya kuwa fito, yana bayyana yadda ƙurar gwajin bam a sararin sama ke shiga madara da ƙashin yara tana kuma lalata ƙwayoyin gado. Hukumomin Amurka suka zarge shi da bin kwaminisanci, a 1952 suka hana shi fasfo lokacin da zai je taro a Landan. A 1958 shi da matarsa suka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya takardar koke da ta samu sa hannun masana fiye da 11,000, kuma a 1960 da wani kwamitin majalisar dattawa ya nemi ya faɗi sunayen waɗanda suka taimaka masa tattara sa hannun, ya ƙi, duk da barazanar ɗauri. Kada a ɗauka wannan rigimar Turawa ce can nesa. Ran 13 ga Fabrairun 1960, watanni kaɗan kafin Nijar ta samu 'yanci, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin hamadar Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa, kuma a kan waɗannan gwaje-gwaje ne Nijeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Ran 10 ga Oktoban 1963, ranar da yarjejeniyar hana gwajin bam a sararin sama ta fara aiki, aka sanar da ba Pauling lambar Nobel ta zaman lafiya. Har yau shi kaɗai ne ya taɓa samun Nobel biyu ba tare da ya raba ko ɗaya da wani ba.

Sai dai kuma tarihinsa ba duka ne fari ba. A 1953 ya fitar da wani tsari na siffar DNA wanda ya zama kuskure, Watson da Crick suka zo da na daidai a wannan shekarar. Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne shawarar da ya rubuta a 1968, cewa a riƙa yi wa matasa masu ɗauke da AS wata alama ta dindindin a goshi, don su gane juna tun daga nesa kada su fara soyayya. Baƙaƙen fatar Amurka sun ji zafin wannan magana ƙwarai, kuma da gaskiyarsu. Mai AS ba majinyaci ba ne, kuma a ƙasar da mutum ɗaya cikin huɗu yake da shi, wa za a yi wa tambarin, wa za a bari? Abin da ya kamata a sani shi ne lissafin: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai kamu ba, kowane ciki da nasa rabon, ana iya haihuwar biyar babu ko ɗaya, ana iya jera uku. Idan kuwa ɗayan AA ne, babu SS a tsakaninsu. Kuma daga uwa da uba ake gadonsa daidai wa daida, don haka mijin da ya saki mace a kan ta haifa masa masu ciwo, rabin abin a jininsa yake. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, a Yamai kuma akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo, amma a ƙauyukanmu sau da yawa sai an kai kaya an sa rana kafin wani ya tuna da zancen, lokacin da janyewa ta riga ta zama abin kunya ga gida biyu.

A ƙarshen rayuwarsa Pauling ya koma kan bitamin C. A 1970 ya wallafa littafi yana cewa shan sa da yawa na maganin mura, daga baya ya ce har da ciwon daji. Jama'a suka yi ta saye, amma gwajin da asibitin Mayo ya yi sau biyu, a 1979 da 1985, bai nuna yana da wani amfani ga masu ciwon daji ba, shi kuwa har ya mutu bai sauka daga ra'ayinsa ba. Matarsa ta rasu a Disamban 1981 da ciwon dajin ciki. Shi ma ciwon daji ne ya yi ajalinsa ran 19 ga Agustan 1994, a gonarsa da ke bakin teku a Kalifoniya, yana da shekara 93.

Bai ga maganin ciwon da ya tona asirinsa ba, amma ta hanyar da ya share aka biyo. Iyaye mata sun san jaririn da ke da sikila yakan yi wata biyar ko shida lafiya lau kafin hannu da ƙafa su fara kumbura. Dalili shi ne, ɗan tayi yana da nasa irin himoglobin ɗin, wanda a madadin zaren beta yake amfani da wani ɗan'uwansa mai suna gama. Su biyun tsawonsu ɗaya, duwatsu 146, amma sun saɓa a wurare 39, kuma shi gama ba ya shiga waccan mannewa. Bayan haihuwa ne jiki ke rage yin gama ya koma beta, sai ciwon ya bayyana. A 1998 Amurka ta amince da wani maganin sha mai suna haidiroksiyuriya, wanda ke sa jiki ya ƙara yin irin na jarirai, an kuma gwada shi a kan yara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano domin kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Magani ne da ba a sha sai da umarnin likita da awon jini a kai a kai. A ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da wani sabon magani mai suna Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon majinyaci a gyara DNA ɗinsu yadda za su koma yin gama, sannan a mayar masa da su. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ne ga mutum ɗaya, wato fiye da biliyan ɗaya na sefa.